Tambayi Mai Zane: "Wannan matar ba ta taɓa daka ba"

Assalamu alaikum. Daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake gaishe ku wannan watan ma. Kaka ta yi, manyan motoci sai shigowa suke da buhunan riɗi da dawa, ƙura ta rufe hanyar kasuwa. Edita ya turo mini wasiƙunku ta waya, na ɗauki biyar. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana nan a ajiye.

Daga wani saurayi a Kassala: "Baffa, shekarata 19. Tun ina aji huɗu nake zane, abokaina kuma suna cewa na iya. Amma duk fuskar da na zana sai ta fito irin ta 'yan Japan da muka taso muna kallo a tashar yara ta Spacetoon: manyan idanu, siririn hanci, gashi tsaye kamar ƙaya. Na gwada zana kakana, ƙanwata ta duba ta ce wannan ai ba shi ba ne. Yaya mutum yake samun hannun kansa?"

Ɗana, ƙanwarka ta yi maka alheri. Ka riƙa nuna mata duk abin da ka zana, domin irin wannan ido ba a sayensa a kasuwa. Ciwon da kake faɗa ni ma na yi shi, sai dai ni Masar ce ta kama mini hannu.

A Mai Wurno aka haife ni, bakin kogin Bahar Azrak, kudu da Sinnar. Zanen da na fara sani shi ne zayyanar allo, wadda Larabawan nan suke kira sharafa. Malaminmu ya lura hannuna ba ya rawa, sai ya zama duk yaron da za a yi wa zayyana ni ake miƙo wa allonsa. Layuka ne da kusurwoyi, ja da rawaya da kore, babu mutum babu dabba. Sai da na shiga makarantar gwamnati na ga mujallar As-Sibyan, wadda aka fara bugawa tun 1946, tana cikin mujallun yara na farko-farko a ƙasashen Larabawa. A cikinta akwai Ammak Tango, wanda Sharhabil Ahmad ya shafe shekaru yana zanawa. Shi ne dai Sharhabil mawaƙin nan mai jita. Da yawa sun san muryarsa ba su san hannunsa ba. Tango ɗan ƙasar nan ne, da jallabiyarsa da komai, kuma da na yi wayo da shi na tsaya na koya. Amma a tashar motar Sinnar ana baza tsofaffin mujallu a ƙasa, Samir daga Alƙahira, da Majid daga Abu Dabi wadda aka fara a 1979. Launinsu ya ɗauke mini hankali. Na yi ta kwafa har na kai ina zana yaran cikinsu ido a rufe.

Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai na tafi Khartum, na zauna a hannun wani mai rubuta allunan shaguna da jikin motoci. Ta wurinsa na samu aikin farko da aka biya ni: 'yar takardar wayar da kai kan abincin yara. A shafi na biyu na zana mace tana daka. Na ɓata dare uku a kanta, kuma a ganina ban taɓa yin abin da ya kai ta kyau ba. Da Babbar Sallah na je gida na nuna wa Inna. Ta goge hannu da gefen zani, ta karɓa, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Wannan matar ba ta taɓa daka ba."

Na ce, "Inna, me ya sa?" Ta sa yatsa ta nuna mini. Ƙafafun a haɗe suke. Bayan a miƙe kamar ta haɗiyi taɓaryar. Hannayen suna can sama, alhali mai daka a ƙugun taɓarya take riƙewa, inda ta sirance. Kuma na yafa mata tobe har ka, sai ka ce za ta gidan biki. Inna ta ce, "Wa ka taɓa gani tana daka a haka? A cikin gidan nan fa ka girma."

Maganar nan ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai. A gidan na girma, ƙarar turmi ke tashina kullum, amma da na ɗauki fensir sai na zano matar da na haddace a mujalla na ɗora mata taɓarya. Sauran kwanakin Sallar a tsakar gida na yi su, a kan angarib, gadonmu na igiya, da littafi a cinya. A nan na ga mai daka tana sa ƙafa ɗaya gaba. Na ga ƙarfin daga ƙugu yake tasowa, kafaɗa rakiya kawai take yi. Na ga in mata biyu suna turmi ɗaya ba wadda ke kallon turmin, hira suke, kunne ne ke riƙe musu lokaci. Da ƙanwar Inna ta fara lugude, ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, sai na zana abin a gida biyu (gida nake kiran kowane akwatin hoto a shafi, kamar gidan dara). A na farko taɓarya tana sama, tafukan matar a haɗe. A na biyu gero ya fantsama, kaji sun rugo. Ban zana saukar taɓaryar ba, amma duk wanda na nuna wa sai ya ce ya ji ƙararta. Ranar na gane aikinmu na masu labarin zane: ɗan farin filin nan da ke tsakanin gida da gida, mai karatu ne ke cike shi, kai naka shi ne ka zaɓar masa inda zai taka kafin ya tsallaka da inda zai dira.

To, kwafa ba abin kunya ba ne. Da ita kowa ke farawa. Shi kansa Osamu Tezuka, wanda ake ɗauka uban wannan salo a Japan, bai ɓoye cewa ya koya daga zanen Disney ba. Abin da ka samu a wurinsu, yadda ake nuna gudu da fushi da tsoro, ka riƙe. Sai dai wanda ya daka ta wani ya rasa turmin daka tasa. Daga yau, duk ranar da ka kwafi shafi ɗaya, ka biya shi da shafi ɗaya na abin da ke gabanka. Kana Kassala, me ka rasa? Ga dutsen Taka. Ga 'yan ƙabilar Hadandawa a kasuwa da gashinsu da takubbansu, ka duba yadda tsayuwarsu ta bambanta da ta dattawanmu. Ga mai agashe da yamma; zauna kusa da shi ka zana hannayensa kawai, lokacin da yake barbaɗa ƙuli da lokacin da yake juya tsinke. Hannu ya fi fuska wuya, kuma ya fi ta faɗin gaskiya a kan sana'ar mutum.

Game da kakanka, kada ka fara da ido. Fara da zamansa: ina yake jingina, yaya yake naɗe ƙafa, ina carbinsa yake. Sannan siffar kai, da kunne, da yadda hula ta zauna. 'Yan gidanku daga nesa suke gane shi tun ba su ga idonsa ba. Fatarmu kuma, kada ka cike fuska da baƙi, in an buga dunƙule take zama. Bar takarda fara, ka sa inuwa ƙarƙashin gira, da gefen hanci, da ƙarƙashin haɓa. Leɓe kada ka kewaye shi da layi. Ja layin tsakiya, ka sa 'yar inuwa ƙasan na ƙasa. Wannan ina faɗa da zafi, domin an daɗe ana zana baƙar fata da leɓe kamar faifai don a yi dariya, kuma na ga yaranmu suna kwafar wannan ma ba su sani ba.

Hannun kanka kuwa, ba za ka ji ranar da ya zo ba. Wani ne zai ga takarda ba suna ya ce, wannan na wane ne.

Daga wata malamar firamare a Damazin: "Malam, ina zana wa ɗalibaina gajerun labarai kan wanke hannu da tsaftar ruwan sha. Hausa suke yi a gida, amma haruffan Larabci kawai suka sani. 'Yar'uwata a Kano kuma ta ce in turo mata, ita boko take karantawa. Da wanne zan rubuta maganar mutanen cikin labarin?"

Malama, Allah ya saka miki da alheri. Wannan tambaya ta kowane Bahaushen Sudan ce da ya riƙe alƙalami. Ni kaina na girma ban san boko ba. Wani ɗalibi ɗan Najeriya a Jami'ar Afirka ta Khartum ya koya mini, ni kuma na koya masa Larabcin kasuwa.

Ki rubuta wa ɗalibanki da ajami, amma ki san inda ramukan suke. Kakanninmu da ƙaf suke rubuta ƙ. Yaron da ya tashi a nan kuwa, in ya ga ƙaf, g yake furtawa, yadda Larabcin Sudan ya saba masa. Ki rubuta "ƙasa" ya karanta "gasa". In kuma kika bi rubutun Warshu na allo, mai ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, yaron makarantar gwamnati zai ɗauka fa ce, ya karanta "fasa". Haka harafin sa mai ɗigo uku da muke yin c da shi, da gain da muke yin g da shi, duk sai an nuna wa yaro. Abin da nake yi shi ne, a ƙasan shafin farko ina jera waɗannan haruffa, kowanne da ɗan hoto a gefensa: ƙofa, cokali, gatari, ɗaki. Wasali kuma ba na barin ko ɗaya, komai gaggawa. Kafin ki kai a buga, ki kira yara uku su karanta da ƙarfi kina ji ba ki taimaka ba. Inda suka yi tuntuɓe, nan za ki gyara.

Don 'yar'uwarki, ki gama zanen da kumfar magana (da'irar da ake rubuta maganar mutum a ciki) a wofi, ki yi kwafi biyu, ɗaya ki cike da ajami ɗaya da boko. Ki auna kumfar da boko, shi ya fi cin wuri.

Saura abu guda da ya taɓa ɓata mini aiki. Mu masu ajami daga dama muke karatu, masu boko daga hagu, don haka jerin gidajen ma ya bambanta. Wani mai ɗab'i ya taɓa juya mini shafuka kamar a madubi don su dace da boko. Da aka bugo sai ga dattijo yana cin tuwo da hagu, ga maza biyu suna musabaha da hagu. Ba wanda zai karɓi nasiha daga irin wannan takarda. Tun daga nan nake jera gidaje daga sama zuwa ƙasa, ɗaya bisa ɗaya, wanda ya fara magana kuma kumfarsa tana sama da ta ɗayan. Da haka ta kowane gefe aka taho labarin daidai yake, kuma ya fi daɗin bi a waya.

Daga wani magidanci a Sinja: "Ɗana ba shi da aiki sai zanen mutane. Na ji ana cewa haramun ne, na kuma rasa me zai ci da shi nan gaba. In hana shi?"

Alhaji, tambayarka biyu ce, kuma duka biyun na uba ne mai kula. Ta farko mahaifina ma ya yi ta a kaina. Hadisan da suka yi kashedi ga masu yin sura suna nan a Buhari da Muslim, ba wanda zai ce babu su. Malamai sun yi bayani a kan irin surar da ake nufi, kuma sun saɓa. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, wadda aka haramta ita ce surar abu mai rai, mai jiki da inuwa kamar gunki, cikakkiyar gaɓoɓi. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ba su kai shi ga haramci ba, sun ajiye shi a karhanci ko abin da barinsa ya fi. Akwai malaman da suka tsananta fiye da haka. Fatawa ba aikina ba ce. Mahaifina hannuna ya kama da littafina muka je gaban malaminsa, aka buɗe shafi-shafi. Ka yi haka, da yaron da zanen nasa, don malamin ya ga ainihin abin da ake magana a kai.

Ta biyu kuwa zan iya amsa ta da bakina. Labarin zane shi kaɗai bai taɓa ciyar da gidana ba. Allunan shaguna, da hotunan littattafan makaranta, da takardun wayar da kai na lafiya, su suka biya haya da kuɗin makarantar yara. Amma duk da hannun nan ɗaya aka yi su. Ka sa masa sharaɗi ya kammala karatunsa ya samu takardar shaida. In da mai rubutun alluna a garinku, ka kai shi ya riƙa zama da shi bayan la'asar, ya koyi awo da haɗa fenti da cika alkawarin mai aiki. Ka kuma duba me yake zanawa, ka tambaye shi labarin. Yaron da aka ƙona wa littafi ba ya dainawa, ɓoyewa yake koya.

Daga wani ɗalibi a Bur Sudan: "Kawu, sai na sayi allon zane na kwamfuta kafin in fara?"

A'a, ɗana. Fensir, da magogi, da rula, da baƙin biro sun isa. In kana son tawada mai kyau, ta makarantar allo tana nan, baƙin tukunya da ƙaro, ka tace ta da ƙyalle. Zana a babbar takarda A3, in aka rage ta zuwa A4 layukanka za su ƙara tsafta. Ɗauki hoton da waya a inuwa da rana, kada ka kunna fitilar wayar. Ran da ka samu kwamfuta, manhajar zane ta Krita kyauta ce. Amma ka fara kammala labari ɗaya mai shafi ɗaya, da farkonsa da ƙarshensa.

Daga wata budurwa da ke zaune a Gadarif yanzu: "Baba, a Khartum muke da. Da yaƙi ya tashi muka fito da kayan jikinmu. Na bar littattafan zanena biyar, har da labarin da na yi shekara biyu ina yi. Tun daga lokacin in na ɗauki fensir sai hannuna ya mutu. Ko zanen ya bar ni ke nan?"

'Yata, na karanta wasiƙarki sau uku kafin in iya amsawa. Ni ma daga Khartum na fito, bayan yaƙin ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023. Na bar adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gado, aikin shekara talatin, har da shafin lugude da na ba da labarinsa a sama, da takardar da Inna ta riƙe da hannunta. Inna ta rasu tun kafin yaƙin, Allah ya jiƙanta. Wani maƙwabci da ya koma ya ce mini ɗakin babu ko ƙofa. Don haka ba zan ce miki ba komai ba. Da komai. Labarin shekara biyu rai ne aka zuba a ciki, kuma kuka a kansa ba gazawa ba ce.

Na yi wata bakwai ban ja layi ba. Abin da ya riƙa zuwa mini a rai a lokacin shi ne labarin Ibrahim As-Salahi, babban mai zanen ƙasar nan, haifaffen Omdurman a 1930. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kobar, wata shida ba shari'a. Ba a yarda fursuna ya riƙe takarda ba. Sai ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, yana zane da guntun fensir, in masu gadi sun taho ya binne a yashi. Bayan ya fito sai wannan ya zama hanyar aikinsa: ya fara da 'yar ƙaramar takarda, ya haɗa mata wata a gefe, ya ƙara wata, har hoto ya girma ya cika bango. A 2013 aka baje aikin rayuwarsa a gidan baje zane na Tate Modern da ke Landan. Ba don girman sunan na kawo miki shi ba, don girman takardar ne. Hannun da ya tsorata ba ya son babban shafi.

Ni da bayan kwalin shayi na dawo. Wata safiya ina zaune wurin mai shayi a bakin kasuwa, na ga yadda take riƙe ƙaramin kofi da yatsa uku tana zuba ruwan zafi daga sama, na roƙe ta kwalin da ta yar na zana hannun. Bai yi kyau ba. Washegari na koma.

Kada ki ce za ki sake labarin da ya ɓata tukuna. Zai yi miki nauyi, kuma za ki riƙa auna sabon da tsohon da ke cikin kanki. Ki yanka takarda kamar faɗin tafin hannunki, guda uku. A ta farko ki zana ƙofar gidanku na Khartum yadda kike tuna ta, da tsatsar da ke jikinta, da abin da ke gefenta, ko randa ce ko bishiyar darbejiya. A ta uku ki zana ƙofar da kike kwana a bayanta yau. Ta tsakiya ki sa abu ɗaya tak da kika gani a hanya, wanda idonki ya ƙi mantawa. Ba sai kin rubuta ko kalma ba. In hannun ya tsaya a ta farko, ki ajiye, gobe ma rana ce.

Tunda gari ɗaya muke, ki ba edita takardun in kin gama, ya san inda zai same ni. Ki zo da mahaifiyarki ko yayanki ranar Juma'a bayan la'asar, akwai yara shida da muke zama da su a zaure muna zane. Ina da fensir da zan ba ki.